Jajen Gobarar Sama

Innata ba ta wasa da jaje. In ta ji akuyar wani ta faɗa rijiya, ko rumbun wani ya kama wuta, ko ɓarawo ya tsallaka katanga ya ɗauke butar alwala, kafin mai abin ya gama salati ta yafa zane ta iso. Tana da tsarinta kuma. A yi gaisuwa ta ƙare tukuna, a ɗan yi shiru, sannan ta ce, "Ashe abin da yas samu ke nan." Daga nan sai ta tambayi abin da aka rasa, ta saurara har a gama lissafa mata, ba ta katse mutum ko da ya maimaita. Tana riƙe da wanda ya zo mata jaje da wanda bai zo ba, ba ta taɓa ruɗa su.

Da aka datse gulbi a Bakolori, ruwa ya taru a baya ya ci ƙauyenmu da ke ƙasar Maradun. Aka kwashe mutane aka kai su wani tudu mai tsakuwa, aka ce nan ne sabon gari. A nan Inna ta gamu da abin da ba ta taɓa gani ba: asarar da ba a yi wa jaje. Ba yadda za ka shiga gidan maƙwabci ka ce masa ashe abin da ya samu ke nan, alhali gidanka yana nan kusa da nasa a ƙarƙashin ruwa. Kowa ya yi shiru ya kama ginin ɗakinsa. Mutum ɗaya ne jajen ya hau kansa, ƙanenta da ke Bakura, wanda suke ciki ɗaya, su biyu kaɗai suka rage. Kawu kuwa bai zo ba.

Yana da dalilinsa. Ruwan da ya yi mana yawa shi ne wanda aka hana su. Tun ana cikin ginin madatsar gulbi ya daina cika fadamarsu, shinkafa ta ƙi, kifi ya ɓace, ƙasa ta dare. Kawu ya ce tun kafin ruwa ya taɓa ƙofar gidanmu fadamarsa ta riga ta mutu, kuma yayar tasa, wadda ke zuwa jajen akuya, ba ta taka ba, ba ta aiko ba. Inna ta ce ita ce babba, kuma bushewar fadama ba a haɗa ta da nutsewar gari. Kowa ya zauna a gidansa yana jiran sallamar ɗaya.

In ka ce musu gaba suke yi, za su yi maka wa'azi. Ba gaba ba ce, tunda suna gaisawa. Ta bakina suke gaisawar. Ina koyar da kimiyya a wata sakandare a Talata Mafara, wato a tsakiyarsu, kuma ina da babur. Wannan Asabar ina Maradun, waccan ina Bakura. Inna ta ce, "Ka gaida kawunka." Kawu ya ce, "Ka gaida innarka." Na yi ta jigilar gaisuwar nan har damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, tayar baya ta suɗe. Ni mutum ne mai saurin fushi, amma ba a yi wa uwa fushi, ba a yi wa kawu, sai na riƙa sauke shi a kan mai faci.

Abin da ya fi damuna shi ne idon Inna. Yanar ido ce ta fara rufe mata shi, na hagu ya riga ya tafi, na dama yana bi a hankali. Na kai ta asibiti, aka ce sai a Kaduna, ta ce ba mai sa mata wuƙa a ido tana raye. Na san in Kawu ya ƙara jinkiri zai zo ya tarar da ita, amma ita ba za ta gan shi ba. Tsoron da nake kwana da shi ke nan.

A makarantarmu akwai wani malami Ba'indiye, mutum mai shiru, ba ya cin nama, abin da ya sa mahautan Mafara ke kallonsa da tausayi. Ana aiko masa da wata mujallar kimiyya daga waje, tana isowa bayan watanni, gefenta a nannaɗe. Wata rana a ɗakin malamai ya turo mini ita, ya ɗora yatsa a kan wani shafi, ya ci gaba da shan shayinsa.

Ga abin da shafin ya ce. Amurkawa sun harba taurarin ɗan'adam su yi gadin sama, ko wani zai gwada bam ɗin nukiliya a ɓoye. Irin wannan bam in ya tashi yana fitar da wani haske da ake kira gamma, ɗan'uwan wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, sai dai ya fi shi ƙarfi, kuma ido ba ya ganinsa. Masu gadin ba su kama kowa ba. Abin da suka kama shi ne walƙiyar wannan haske tana zuwa daga can cikin sararin samaniya, ba daga ƙasa ba, ba daga rana ba. Wata ba ta wuce ƙiftawar ido, wata ta kai tsawon shan ruwa a moɗa, sai ta ɗauke ɗif. Ba a san abin da ke fashewa ba. Ba a san ko yana nan kusa cikin taurarin da muke gani ba, ko can inda hankali ba ya kaiwa. In an ɗauko madubin hangen nesa ba a san takamaiman inda za a juya shi ba. Iskar da ta lulluɓe duniya ce ke tare hasken, shi ya sa ko ɗumi ba ma ji. Ba'indiyen ya ce a lokacin bayanan da masana suka kawo sun fi fashe-fashen da aka gani yawa.

Abin ya kama ni sosai. Mu da muka saba da nakiyar fasa dutse a wurin madatsa, wadda in ta tashi kwanuka ke rawa a kan kanta har Mafara, ga wata fashewa da ta fi ta nesa ba kusa ba, amma ba ƙara, ba hayaƙi, ba wanda ya ɗaga kai. Na karanta shafin har na kusa haddace shi. Na kai wa 'yan ajina, suka tambaye ni ko zai fito a jarrabawa.

Asabar ɗin da ta biyo na tarar da Inna da hantsi tana ɓarar gyaɗa da lalube. Hirarta duk inda ta faro a tsohon gari take ƙarewa: yanzu da tsamiyar ƙofar gida ta nuna, yanzu da an fara su a gulbi. Na gaji da jin tsamiyar nan, sai na kawo tawa.

"Inna, kin ji an ce ana gobara bisa?"

"Wace bisa?"

"Can cikin taurari. Wani abu na ka hwashewa, wuta ta tashi, ta mutu nan take."

Ta tsaya da ɓara. "Sun busa jiniya?"

A wurin madatsa sai an busa jiniya kafin a ta da nakiya, don mutane su kauce da dabbobinsu. Na ce ba a busawa.

"Ba su da kirki. Akwai mutane wurin?"

"Ba a sani ba."

"Bisashe hwa?"

"Ba a sani ba."

"Wa yag gani?"

"Ba wanda yag gani da ido, Inna. Na'ura ta ta ji."

"Yaushe anka yi?"

"Labarin na daɗewa bisa hanya. Shina yiwuwa shekaru ɗari, shina yiwuwa ya hi haka nesa."

"To kai mi kas sani?"

Na ce na san an yi. Ta ce wannan karatu namu da sauƙi yake. Sannan ta tambaya ko abin ya kai nakiyar madatsa girma. Na ce ko an tara nakiyar duniya duka wuri ɗaya ba ta kama ƙafarsa ba. Ta jinjina kai, ta watsa ɓawon gyaɗa gefe.

"To ka gani. Babban abu daban, ƙarami daban. Ka gaida kawunka."

A Bakura na sami Kawu a cikin gulbi, ko in ce inda gulbi yake a da. Ya haƙa rami a yashi, yana ɗebo ɗan ruwan da ke tsattsafowa yana ba albasa. Bayan gaisuwa ya tambayi hirar da muka yi da Inna, kamar yadda ya saba, yana kallon wani wuri daban. Na ba shi labarin gobarar. Shi manomi ne mai son sanin yadda ake aiki, sai ya tambaya ta yaya ake gane gefen da abin ya fito tunda ba a gani. Na ji daɗin tambayar. Na zana masa a yashi: taurarin ɗan'adam suna nesa da juna, hasken yana riga isa ga ɗaya kafin ɗaya, kowanne yana riƙe lokacin da ya ji. In an haɗa, aka ga wanda ya fara ji, sai a san ta wajensa abin ya ɓullo.

Kawu ya ajiye ƙwarya. "Maimaita."

Na maimaita.

"To, alhamdu lillahi. Ashe har Turawa sun san ana tambayar wa abu yah hwara samu. Ka gaida innarka."

Na hau babur ina huci. Labarin da ya fi kowane girma da na taɓa karantawa, na kai wa mutum biyu, kowa ya yage gefen da ya dace da rigimarsa ya mayar mini da saura.

Bayan girbi na je Maradun, Inna ta tashi ta zuba mini ruwa, ta zuba shi a ƙasa kusa da kofin. Ta ji ƙarar, ta gyara hannu. Ni ne na kasa shiru.

"Inna, idonki na tahiya. In kina son ganin ƙanenki ki bari in ɗauke ki bisa babur yau."

"Ni ab babba."

Muka zauna. Kaji suka zo suka sha ruwan da ya zube. Ina ta tauna maganganun da ba a faɗa wa uwa, sai ta ce, "Gobarar ga taku, an ƙara yi?"

"Ana ta yi."

"An gano wurin?"

"Ba a gano ba."

"To bisa kan wa take?"

"Ba bisa kan kowa take ba, Inna."

"Kai kac ce ba a san wuri ba."

"I."

"To ka iya rantsewa ba bisa kan gidan ga take ba?"

Na shiga bayani irin na aji. Na ce duniya juyawa take, sama ba ta da gidan wani, abin da ke kan Maradun yanzu an jima yana kan wata ƙasa. Ina cikin yi na ji ina rusa kaina da kaina. Inna ta bar ni na kai aya.

"Ashe ma tana biyowa ta kanmu. Tashi ka tahi ka hwaɗa ma kawunka an yi gobara bisa kaina. Sabuwa ta. Ba ruwanta da maganar ruwa."

Na ce ni malamin kimiyya ne, ba zan ɗauki ƙarya a babur in kai Bakura ba. Ta ce ba ta aike ni da ƙarya ba, in faɗi abin da na sani kawai, tunda ba shi da yawa ba zai yi mini nauyi ba.

Tun daga Maradun har Bakura ina gyara jimlar a raina. Da na isa na same shi a bakin raminsa na cikin gulbi, na ce, "Kawu, Inna ta ce in hwaɗa maka an yi gobara bisa. Ba a san wurin ba, kuma ba a iya cewa ba ta bi ta kan gidanta ba."

Kawu ya dube ni. Ya san labarin, ni na zana masa shi a yashi. Amma ya gyara zama ya yi mini tambayoyi irin na alƙali.

"Malamanku sun ƙaryata?"

"Ba su da abin ƙaryatawa."

"Sabuwa ta, ko tsohuwa?"

"Labarin dai sabo na."

"Mu nan Bakura, ta biyo ta kanmu?"

Nan na ga rami a gabana. In na ce e, an koma gidan jiya, kowa ya jira ɗaya. In na ce a'a, na yi ƙarya. Na ce, "Kawu, ita tah hwara jin labari." Gaskiya ce, ita na fara gaya wa.

Ya murza yashin da ke hannunsa. "Awo. To ita tah hwara." Ya sunkuya ya wanke hannu a ramin. "Jaje ya kama ni. Ran Talata ka jira ni tasha."

Yau an san amsar tambayoyin Inna, ko mafi yawansu. Bayan shekaru masu yawa aka samu na'urorin da ke juyawa da sauri, suka kama ɗan hasken da ke saura bayan walƙiyar, kamar garwashi bayan wuta, aka auna nisa. Ashe abin ba a unguwarmu yake ba sam. Can ne cikin wasu tarin taurari masu nisan da hasken ya taso tun ba a yi gulbin da aka datse ba. Wani ƙaton tauraro ne ke ƙarewa ya rufta cikin kansa, ko gawarwakin taurari biyu su yi karo, a ɗan lokacin nan su fitar da abin da rana ba za ta fitar ba duk tsawon rayuwarta. Na karanta wannan da furfura a kaina, Inna da Kawu duk sun riga mu gidan gaskiya. Na yi murna da aka gano. Na kuma gode wa Allah da ba a gano da wuri ba, don da an san wurin a lokacin, Kawu ba shi da hanyar zuwa Maradun.

Ran Talata ya sauko daga motar 'yan kasuwa a tashar Mafara da rigarsa ta Juma'a, da naɗaɗɗiyar tabarma a kafaɗa da ɗan buhun albasa, irin gudummawar da ake kai wa wanda wuta ta ci kayansa. Na ɗauke shi a baya. Akwai inda hanya ke hawa tudu, ruwan madatsa ya bayyana gaba ɗaya, fari fat har iyakar gani. Kawu bai taɓa ganinsa ba. Ya taɓa kafaɗata, na tsaya.

"Ina gidan?"

Na nuna masa ruwa, wajen da nake zato. A gidan aka haife shi. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce mu je, rana na yi.

Inna ta sa an share tsakar gida, ta ɗaura zanenta na zuwa suna. Kawu ya yi sallama, ya cire takalmi, ya durƙusa daga bakin ƙofa. Suka shiga gaisuwa: ina wuni, ina gajiya, ina iyali, ina ɗiya, ina aiki, ina sanyi, ina mutanen Bakura, ina 'yan kwana biyu. Ba wanda muryarsa ta motsa, kamar jiya suka rabu. Gaisuwa ta ƙare. Aka yi ɗan shirun nan.

"Yaya, ashe abin da yas samu ke nan."

"Wallahi."

"Gobara ba daɗi. Allah shi kiyaye gaba."

"Amin."

"An yi asara da yawa?"

Ina tsaye a zaure ina jiran in ji abin da za ta ce an rasa a cikin taurari. Inna ta gyara mayafi.

"Ɗakin Innarmu ya tahi. Rumbun Baba ya tahi, wanda kah hwaɗo daga kainai. Tsamiya ta tahi. Dutsin niƙa ban samu mai ɗaukar mini ba. Rijiya. Gonar bakin gulbi." Ta ɗan tsaya. "Kushewar Baba da ta Inna, na baro su can. Ban san ko wane gehe za ni juya in yi masu addu'a ba."

Kawu bai katse ta ba. Bayan kowane abu yana cewa, "Allah shi mayar da alheri," har ta kai kan kaburbura, nan ya sa hannun riga a fuska. Ni ma na juya na fuskanci bango, ina jin haushin kaina da hawayen da ban shirya musu ba.

Maƙwabta suka ga baƙon takalmi a ƙofa. Wata tsohuwa ta tambaye ni lafiya, na ce jaje ake yi. Ta ce na me, na ce gobara. Ta ce a ina, na nuna sama. Ta ɗaga kai ta duba, sama tas ba ko gajimare, ta shiga ta zauna. Wasu suka biyo ta. Kafin la'asar tsakar gidan ta cika, kowace tana jiran a zo kanta ta faɗi abin da ta rasa.

Amma kafin nan Inna ta ce, "Ku hwa? Can wajenku ba ta taɓa komi ba?"

"Ta taɓa hwadama," in ji Kawu.

"Ashe abin da yas samu ke nan."

Ya lissafa mata shinkafa da kifi da rake da kwalekwalen da ke kife yana tsagewa, ta saurara har ya gama.

Sannan ta ce, "Matso nan wajen haske in gane ka."

Ya matsa inda rana ke faɗowa. Ta kama haɓarsa ta juya fuskar wajen idon dama, ta kawo tata kusa har kamar za su yi karo. Ta daɗe a haka.

"Wa yas sa maka hurhura haka?"

"Ke kinka riga ni, Yaya."

"Ni ab babba," in ji ta, ba ta saki haɓar ba.

Kafin damina ta faɗi idon daman ya rufe shi ma. Ta yi sauran shekarunta ba ta gani, kuma duk wanda ta kwatanta, da kamanninsa na dā take kwatanta shi, har ni. Kawu kaɗai take faɗi da furfurarsa.